Gyaran kaki a gaban jama'a: abin da ya faru a tashar Kawo

Duk wanda ya zauna Kaduna ya san garin soja ne. Hedkwatar Runduna ta 1 tana nan Kawo, NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, tana Afaka ga kuma tsohon wurinta na Ribadu, sojan sama suna Mando, Jaji na kan hanyar Zariya, can Zariyar kuma ga Defo inda ake horar da kurata tun 1924. To ganin mai kaki a layin ATM ko a cikin Keke ko yana cinikin tumatir a Kasuwar Kawo ba abin waiwaye bane a wurinmu. Kuma yawan ganin nan ne yasa ko mai shayi a garin nan idan ya kalli soja sau ɗaya zai gaya maka wannan ya yi shiga daidai, wancan kuma shigar ganin dama ya yi.

Ni ɗan bariki ne, Babanmu ya yi ritaya yana saje, yanzu ina da ɗan teburin POS da cajin waya a gefen tashar Kawo wajen da motocin Zariya da Kano ke lodi. Lamarin da zan kawo a gaban teburina aka yi shi, kuma na ga ya kamata a baje shi a duba da kyau saboda a wuri ɗaya, akan laifi ɗaya, na ga gyara iri biyu, kuma har yau in zancen ya taso a tasha mutane rabuwa suke yi gida biyu.

Ranar Juma'a ce bayan an sauko, tasha ta cika maƙil. Wani yaro soja ya zo cire kuɗi, da ganinsa bai daɗe da fitowa daga horo ba, hannun rigarsa babu igiya ko ɗaya, farabiti kenan. Kakin roɗi-roɗi ne a jikinsa amma maɓallai biyu na sama a buɗe har kana hango jar rigar ƙwallo daga ciki, hularsa ya nannaɗe ya cusa a aljihun wando rabinta na leƙowa, iyafis a kunnuwa biyu, ƙafarsa kuma silifas ɗin roba, takalman but ɗin ya ƙulla igiyoyinsu ya rataya a jikin jakar goyo suna ta lilo. Bai yi wa kowa rashin kunya ba, gaskiya, ya yi sallama ya miƙo kati yana jira.

Sai ga wani kofur ya sauko daga bas, igiya biyu, shi kam tsaf yake, takalmi na ƙyalli, karin guga kamar ya yanke ka. Tun daga nesa ya daka tsawa da turancin bariki yana kiran yaron, yaron bai ji ba saboda abin da ke kunnensa, wannan rashin amsawar kuwa ita ta ƙara tunzura kofur ɗin. Yana isowa ya sa hannu ya fizge iyafis ɗin, yaron ya juyo a firgice, yana ganin igiya biyu ya ƙame. Ba a tambaye shi sunansa ba, ba a tambaye shi daga wace runduna yake ba, ba a ce ina katinka ba. Kawai yace ya ajiye jaka ya kama kunne ya yi tsallen kwaɗo daga nan teburina zuwa wajen mai rake ya dawo.

Kun san tasha. Kafin ka ce kwabo an zagaye su, 'yan kamasho sun bar lodi, yara masu tallan ruwa sun ajiye faranti, wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Wasu na dariya, wani direba na cewa Allah ya ƙara ai haka suke mana a hanya, wata baiwar Allah mai goyo tana cewa haba ofisa ka yi haƙuri mana ɗan wani ne fa. Yaron ya durƙusa ya yi tsalle na farko, ya yi na biyu, a na biyun ne ƙafar wandonsa ta ɗage na hango bandeji a diddigensa na dama har ya fara jiƙewa, ya cije leɓe bai ce komai ba, idonsa na ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Akwai wani dattijo da tun ɗazu yake zaune a benci yana jiran motarsa ta cika, kaftani ruwan toka, hula zanna, furfura a gemu, babu abin da zai nuna maka soja ne sai dai yadda yake zaune a miƙe. Ya tashi ba tare da gaggawa ba, bai tsaya a gaban kofur ɗin ba, gefensa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa, ya zaro kati daga aljihun gaba ya rufe shi da tafin hannu yadda shi kaɗai zai gani. Nan take ƙafafun kofur suka haɗu. Ashe samanja ne. Abin da ya faɗa bai wuce "ku biyo ni" ba, kuma a hankali ya faɗa, ya ja su lungun da ke tsakanin bayan teburina da wata doguwar mota da aka faka, ya juya wa jama'a baya. Da mutane suka ga babu sauran abin kallo sai aka fara watsewa, ni kuma tunda wurin sana'ata ne duk abin da aka faɗa a kunnena.

Farkon abin da ya nema katin shaida ne da takardar fas, wato ta izinin fita daga bariki, ya duba hoto ya duba fuska ya duba sunan da ke ƙirjin riga. Sannan yace, "Ɗana, me ya samu ƙafar?" Yaron ya ciro wata takarda a ninke daga aljihun ƙirji, ta asibitin barikinsu ce, likita ya ɗauke masa sa but na wasu kwanaki saboda takalmin ya ci masa diddige har ya zama ciwo. Dattijon ya karanta ya miƙa masa.

"To takalmi na ji, likita ya ɗauke maka. Hular fa, shi yace ka sa a aljihu?"

"A'a Sa."

"Maɓallin fa?"

"A'a Sa."

"Gyara."

Yaron ya ɓalla maɓallai hannunsa na rawa, ya zaro hular ya sa ta a karkace, dattijon da kansa ya sa hannu biyu ya daidaita masa ita, bajo ya zauna saman idon hagu, ya ja gefen ya kwanta dama. Ya ja da baya ya kalle shi sama da ƙasa sannan yace duk da haka kaki da silifas ba sa tafiya tare, takardar likita ta hana a hukunta ka akan takalmi amma bata ba ka izinin yawo a gari rabi soja rabi farar hula ba, akwai kayan gida a jakar nan? Yace akwai. Yace to je ka banɗakin tasha ka canza. Ya fito da riga da wandon jins, kakin a ninke a jaka, ya ƙame ya yi godiya, dattijon yace Allah ya kiyaye hanya, a wanke ciwon nan da an isa.

Sai da yaron ya shiga mota sannan ya juyo kan kofur, kuma ni wannan ne ya fi burge ni a duk abin, bai taɓa martabar igiya biyu a gaban wanda ba shi da igiya ba. Yace masa abin da ka gani daidai ka gani, da ka wuce ka ƙyale shi da kai zan fara tambaya, amma ɗaga kai ka duba can, ya nuna masa samarin da har lokacin suke duba wayoyinsu, yace waɗancan babu wanda zai ce an gyara wa soja shiga, cewa za su yi ga soja na tsallen kwaɗo a tashar Kawo, kakin da kake karewa shi ka kwantar a ƙasa. Ya tambaye shi rundunarsa, ya rubuta lambarsa a bayan wata takarda, ya sallame shi. Duk abin bai ɗauki lokacin da mota ɗaya ke cika ba.

To yanzu mu duba lamarin. Masu cewa da ma a ƙyale yaron ai bai cuci kowa ba, maɓalli ne kawai da hula, ban yarda da su ba ko kaɗan. A wani gari wataƙila ka ce zancen ado ne, a Kaduna zancen tsaro ne. Waɗanda suke Kawo a watan Fabrairun 2012 ba su manta ba, wanda ya kai harin ƙunar baƙin wake hedkwatar Runduna ta 1 da kayan soja a jikinsa ya zo. Mutanen ƙauyukanmu kuwa sau nawa aka ji suna cewa waɗanda suka shigo musu da dare kaki ne a jikinsu? Ga sojan gona masu tare hanya suna karɓar na goro. Da me talaka yake bambance na gaske da na bogi? Da waɗannan ƙananan abubuwan ne, sunan da ke ƙirji, bajon hula, takalmi, yadda mutum ya tsaya. Ɗan bindiga zai iya samun riga da wando amma yawanci za ka gan shi da silifas ko rawani ko wata riga a ciki da bata dace ba. Idan sojan gaske ma ya koma yawo da silifas da rigar ƙwallo a ƙarƙashin kaki to ya goge layin da muke dubawa, ya sauƙaƙa wa mugu aiki. Bayan haka hular nan ba kwalliya bace a tsarinsu, tsarin da muka gada daga Ingila soja ba ya sara wa na gaba da hannu in babu hula a kansa, sai dai ya ƙame, kenan wanda ya cusa hularsa a aljihu a tsakiyar gari ya nuna bai shirya girmama kowa ba in an haɗu. Iyafis kuma kun ga dai abin da ya jawo, ana kiransa daga baya bai ji ba, a wuri kamar tasha wannan kaɗai haɗari ne ga ransa.

Saboda haka kofur yana da gaskiya da ya tsaya, kuma haƙƙinsa ne, a soja duk na gaba da ya ga na ƙasa ya kauce dole ya yi magana ko ba rundunarsu ɗaya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Inda ya ɓata shine ya haɗa gyara da hukunci, alhali ba abu ɗaya bane kuma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Gyara shine ka ce sa hularka, ya sa, magana ta ƙare a nan. Hukunci kuwa yana da hanyarsa a Dokar Rundunonin Soja, wadda ke kundin dokokin tarayya na 2004, a can ne aka tanadi laifin saɓa wa umarni da kuma sashe na 103 mai magana akan halin da ke zubar da ɗa'ar aiki, kuma yadda ake yi shine a rubuta caji a gurfanar da mutum gaban kwamandansa, a ji ta bakinsa, sannan a yanke masa ƙarin aiki ko tsare shi a bariki ko gadirum. Wannan dokar dai ita ce kuma ta mayar da cin zalin na ƙasa da kai laifi. Kenan a lokacin da yaron yake tsalle da ciwo a ƙafa, laifin da ake aikatawa a wurin ya fi wanda aka zo gyarawa girma. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Kuma akwai ganganci a yadda ya tunkare shi wanda mutane ba su lura da shi ba. Ka sa hannu a jikin mutumin da baka san ko waye ba, daga baya, a garin da muka san masu sa kaki ba duka ne sojoji ba? Da a ce na bogi ne mai makami a jaka fa, a tsakiyar mata da yara? Tambayar katin nan da dattijo ya fara da ita ba al'ada ce kawai ba, ita ce ke gaya maka da wa kake magana, ita ce kuma ta buɗe ƙofar da takardar likita ta fito. Tambaya ɗaya ta raba laifin gida biyu, wanda yake da uzuri da wanda babu, kuma kowanne ya samu maganinsa daban. Kofur bai yi tambaya ba shi yasa ya hukunta ƙafar da likita yace a huta da ita.

Wani abin da na lura, dattijon bai yi amfani da muƙaminsa don jama'a su gani ba. Ya iya daka wa kofur tsawa a wurin, da tasha ta ɗauki tafi, da shi ma ya shiga bidiyo a matsayin gwarzo, amma da an tashi da sojoji biyu da aka kunyata maimakon ɗaya, kuma gobe wannan farabitin ba zai ƙara ganin girman igiya biyu ba, alhali a daji in wuta ta buɗe umarnin kofur ne zai fara ji kafin na kowane hafsa. Ya ɓoye katinsa a tafin hannu, ya juya wa 'yan kallo baya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma da ya zo gyaran hular bai ce kai wawa haka aka koya maka ba, hannu ya sa ya nuna. Na tabbata yaron nan duk ranar da zai sa hula sai ya tuna inda bajo ke zama.

Dole in taɓo ɓangaren farar hula don nan ne abin ya fi muni. Samarinmu suna sayen wandon roɗi-roɗi a gwanjo, ka shiga Kasuwar Barci za ka samu, wasu don gayu wasu don yana da ƙarfi wajen aiki, kuma an sha tare irinsu a titi a tuɓe su a sa su birgima a kwata. A watan Fabrairun 2017 a Onica wasu 'yan sandan soja biyu, masu jar hula, suka lakaɗa wa wani gurgu duka akan ya sa irin wannan kaya, bidiyon ya zagaya ƙasa, rundunar soja da kanta ta rage musu girma daga kofur zuwa farabiti ta kuma ɗaure su kwana 21 da aiki mai tsanani. Kenan ita kanta rundunar bata yarda da wannan salon ba. Eh doka ta hana wanda ba soja ba sa kayan soja, a kundin laifuka da ake aiki da shi a kudu sashe na 110 ne, kuma hukuncin da aka rubuta a wurin ɗaurin wata 1 ne ko tarar naira 10, mu nan Kaduna kuma muna da namu kundin Penal Code na 2017, amma ko'ina ka je kotu ce ke yanke hukunci, ba bel ba, ba kan bindiga ba. Sojan da ya ga farar hula da kaki ya tambaye shi, in bai gamsu ba ya miƙa shi ga 'yan sanda. Ni kuma ina gaya wa ƙannena kullum su bar sa kayan nan kwata-kwata, ba don wanda zai dake su yana da gaskiya ba, sai don halin da garin yake ciki, kuma in ka ga mai kaki da baka yarda da shi ba kar ka ce zaka tuhume shi da kanka, ka matsa ka sanar da 'yan sanda ko shingen soja mafi kusa.

Bidiyon ranar ya zagaya a WhatsApp ɗin 'yan tasha, har ni an turo min. 'Yan daƙiƙu ne kawai, tsalle biyu da dariyar mutane, babu dattijo a ciki, babu takardar likita, babu gyaran hula, fuskar yaron kuwa ta fito tar. Wannan shine abin da ya fi ci min rai, laifinsa an gyara shi a take ya wuce amma kunyar tana nan a wayoyin mutanen da ba su san shi ba, wataƙila har ta kai garinsu inda uwarsa take alfahari ɗanta ya zama soja.

Da na ba Baba labarin ya yaba wa samanjan amma yace ya yi sassauci a wuri ɗaya, a zamaninsu ko an gyara maka a hanya sai an aika wa samanjan rundunarka, don wanda ya yi sake da shiga a gari zai yi sake da bindiga a bakin aiki, kuma rundunarsa ce ya kamata ta san irin tarbiyyar da yaranta ke fita da ita. Direbobin tasha kuma nasu ra'ayin daban, su kofur ɗin suke so a ce an ɗaure. Na fahimci Baba, kuma ban cika ja da shi akan harkar soja ba, amma a wannan karon ina ganin dattijon ya auna daidai. Yaron ya riga ya sha hukuncin da ya fi laifinsa tun kafin a saurare shi, bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba, aka ce gyara ya gyara, aka ce canza ya canza, ƙara masa caji a bariki akan wannan zai zama an dake shi sau biyu. Lambar kofur kuwa da aka rubuta ta wadatar, magana ce da za a yi da shi a cikin gida tsakanin manyansa, ɗauri ba zai koya masa tambaya kafin tsawa ba. Da a ce yaron ya tsaya gardama, ko yace ai ba a bariki muke ba, ko ya ƙi nuna katinsa, to nan kam ina bayan Baba ɗari bisa ɗari, a ɗauki lambarsa a kira samanjan rundunarsa tun motar tasu bata kai Jaji ba.